Agogon Waya da na Kwamfuta: Daga Ina Suke Samun Lokaci, Kuma Wa Ke Duba Su?

Ranar da aka zo darasin karanta agogo a ajin yaƙi da jahilci, akwai abin da yakan faru kusan ko'ina. Malami ya tambaya ƙarfe nawa, sai mutum uku su ciro wayoyinsu. Na farko ya ce 4:10, na biyu ya ce 4:12, na uku kuma tasa ta nuna 9:00 na safe, da kwanan watan wata shekara da ta wuce tuntuni. Aji ya yi dariya, amma tambayar tana nan. Wanne ne mai gaskiya, kuma ta yaya za a gane shi?

Ya ku masu karatu, wannan shafi zai bayyana muku inda waya da kwamfuta suke samo lokaci, da yadda ma'aikata suke sa ido a kan manhajojin da ke daidaita agogon na'ura, musamman idan manhajojin suna da yawa a cikin na'ura ɗaya. Ko da ba ku taɓa zama gaban kwamfuta ba, darasin zai amfane ku, domin dokarsa kun riga kun san ta a zaman yau da kullum: a nemi shaidu da yawa, a saurari kowane shaida shi kaɗai, sannan mutum ɗaya ya yanke hukunci.

Me ya sa daidaiton lokaci ya shafe ku?

Mutumin Gouna da ɗansa ke aiki a Yamai ko a Kano yakan karɓi kuɗi ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi. Kowane aike yana da rana da awa da minti a rubuce. Idan gardama ta taso, wannan rubutu shi ake dubawa. In agogon na'urar mai shago ya saɓa da na kamfani, sai a rasa wane aike ne ya riga wani, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi shan wahala wajen kare hakkinsa.

A ɗakin shan magani ana ajiye mafi yawan alluran rigakafi a firji, cikin sanyi tsakanin maki 2 da maki 8 a ma'aunin Salsiyos. Akwai ƙaramar na'ura da ke rubuta sanyin firjin dare da rana. Idan wuta ta ɗauke, ma'aikacin lafiya yana buƙatar sanin awa nawa allurar ta yi cikin zafi kafin ya yi wa jariri ita. Da agogon na'urar zai yi kuskure, da lissafinsa ya rushe.

Haka nan lambobin sirri da wasu manhajojin tsaro ke bayarwa suna sauyawa duk bayan sakan 30. Wayar da agogonta ya kauce da ƴan mintuna za ta riƙa ba da lambar da ba za a karɓa ba. Wayar da kwanan watanta ya lalace kuwa, shafukan intanet da yawa ba za su buɗe mata ba, kuma WhatsApp kan tsaya ya ce sai an gyara kwanan wata. Mutane da dama sun kai waya wurin mai gyara, sun biya kuɗi, alhali ciwonta bai wuce na agogo ba.

Lokacin rana da lokacin agogo

Kakanninmu a ƙasar Damagaram da rana suke auna lokaci: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ladan yana duban inuwa, manomi yana duban inda rana ta kai. Wannan awo yana nan da amfaninsa har gobe, sai dai kowane gari da nasa. Duniya tana juyawa digiri 1 cikin kowane minti 4. Tsakanin Zinder da Yamai akwai kusan digiri 7, shi ya sa rana ke faɗuwa a Zinder da Gouna da Mirya kusan minti 27 ko 28 kafin ta faɗi a Yamai. A Diffa kuwa, rana tana riga ta Zinder faɗuwa da kusan kwatan awa.

Agogo kuma ƙasa baki ɗaya yake haɗawa a kan lokaci guda. A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washinton na Amurka, suka amince a riƙa ƙirga digiri daga layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Wannan layi ya biyo ta kusa da Gao a Mali, ya fita teku ta Tema a Gana. Lokacin da duniya ke dogara da shi a yau ana kiransa UTC. Nijar da Najeriya da Cadi da Benin da Kamaru suna gaban UTC da awa 1. Mali da Burkina Faso da Gana suna daidai da shi. Saudiyya tana gabansa da awa 3, wato tana gaban Nijar da awa 2.

Saboda haka ku riƙe abu biyu. Ƙarfe 7:00 a Gouna ƙarfe 7:00 ne a Yamai. Amma lokacin shan ruwa a watan azumi ba ɗaya ba ne, domin shi da faɗuwar rana ta garinku yake tafiya.

Me ya sa agogo ke kuskure?

A cikin agogon hannu mai batir, da cikin waya, da cikin kwamfuta, akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kama da gilashi, ana ce masa kwas. Idan wuta ta ratsa shi sai ya riƙa karkarwa. A agogon hannu an yanka shi yadda zai yi karkarwa sau 32,768 a sakan guda. Na'ura tana ƙirga karkarwar, in ta cika sai ta ce sakan ɗaya ya wuce.

Matsalar ita ce babu dutse biyu da aka yanka daidai wa daida. Ƙari a kan haka, zafi da sanyi suna sauya saurin karkarwarsa. Ku tuna da bambancin sanyin hunturu a watan Janairu da zafin bazara a Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura maki 40. Dutsen da ke cikin na'ura yana jin wannan bambanci. Agogon da ke rage sakan 1 kacal a rana, in an bar shi shekara guda ba gyara, zai yi baya da fiye da minti 6.

Akwai dalili na biyu. A cikin kwamfuta akwai ƙaramin batir mai fasalin kwabo, wanda ke riƙe agogo yayin da na'ura take kashe. In ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwamfuta ta farka da kwanan watan da ya shuɗe. Ƙananan wayoyi ma haka suke yi in an cire musu batir. Abin da ya sami ɗalibi na uku a ajinmu ke nan.

Tun da kowane agogo yana kaucewa, dole a sami wanda za a riƙa komawa gare shi.

Ina uwar agogo take?

A 1955 wani masani mai suna Louis Essen da abokin aikinsa suka ƙera agogo a Ingila wanda ke ƙirga karkarwar ƙwayar zarra ta wani ƙarfe mai suna siziyom. Wannan karkarwa ba ta damu da rani ko damina ba. A 1967 aka amince cewa sakan ɗaya shi ne tsawon karkarwa 9,192,631,770 ta wannan ƙwaya.

Mutum zai zaci agogo ɗaya aka ajiye a wani ɗaki aka ce shi ne sarki. Ba haka aka yi ba. Ofishin kula da awo da ma'auni na ƙasa da ƙasa, wanda ke garin Sebur kusa da birnin Faris a Faransa, yana karɓar rahoto daga agogon zarra fiye da 400 da ke warwatse a ƙasashe da dama. Yana gwada su da juna, ya rage darajar wanda ya cika kaucewa, sannan ya fitar da lokacin UTC. Kowane wata yana sanar da kowace cibiya yawan tazarar da ke tsakaninta da sauran. Kun ga ke nan, ko a can ƙoli ba a dogara da shaida guda.

Daga nan lokaci yake gangarowa gare ku ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogon zarra. Turai da Rasha da Sin su ma suna da nasu taurarin masu irin wannan aiki. Ta biyu ita ce eriyar kamfanin waya, wadda ke gaya wa wayarku lokaci in kun ba ta izini. Ta uku ita ce intanet.

Yadda kwamfuta ke tambayar lokaci

Ku ɗauka kuna Gouna, kuna son gwada agogonku da wani amintaccen agogo a Zinder. Kun aiki yaro a kan babur ƙarfe 8:00 a agogonku, ya dawo ƙarfe 9:00. Ya ce muku: "Da na isa, agogon can ya nuna 8:30. Da zan taso, ya nuna 8:40." To, ku yi lissafi. Yaron ya yi minti 60 a waje, 10 daga ciki a tsaye ya yi su. Saura minti 50 na hanya, wato 25 zuwa, 25 dawowa. Ke nan ya isa ƙarfe 8:25 a agogonku, alhali na can ya ce 8:30. Agogonku yana baya da minti 5.

Wannan lissafi shi ne kwamfuta ke yi, sai dai saƙonta yakan je ya dawo kafin ƙiftawar ido. Tsarin ana kiransa NTP. Wani malamin jami'a a Amurka, David Mills, shi ya tsara shi, aka wallafa bayaninsa a 1985, ya kuma ci gaba da kyautata shi shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2024. Manhajar da ke cikin na'ura tana maimaita tambayar a kai a kai, yawanci tsakanin kowane sakan 64 zuwa sakan 1,024, wato kusan minti 17.

Lissafin yana da rauni guda. Ya ɗauka tsawon zuwa daidai yake da na dawowa. Da yaron ya yi faci a hanyar dawowa bai faɗa ba, da amsarku ta karkace. Haka yake faruwa inda layin intanet ke da cunkoso ko rauni.

Tsarin yana kuma ƙirga bakunan da labari ya bi kafin ya iso. Kwamfutar da ke haɗe kai tsaye da agogon zarra ko da GPS tana mataki na 1. Wadda ta ji daga gare ta tana mataki na 2, haka har zuwa 15. Idan na'ura ta nuna mataki na 16, tana nufin ba ta da wanda ta ji daga gare shi, kada a dogara da ita.

In manhaja ta ga ɗan kuskure, ba ta fizgar agogo baya ko gaba farat ɗaya, domin kada rubutun da aka yi daga baya ya riga na farko. Tana ƙara masa sauri kaɗan ko ta rage, har ya daidaita. A tsohuwar manhajar da ake kira ntpd, gyaran sakan 1 ta wannan hanya yana cin fiye da rabin awa.

Shaida ɗaya ba ta isa

Mai agogo ɗaya ba ya sanin ranar da ya yi masa ƙarya. Mai biyu, in sun saɓa, bai san wanda zai bi ba. Da uku ne ake iya gane wanda ya fita daban. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a ba na'ura tushe 4 ko fiye, domin ko ɗaya ya mutu a sami uku da za a gwada.

Manyan tushe ma suna kuskure. A watan Nuwamba 2012 kwamfutocin raba lokaci na cibiyar nazarin taurari ta sojan ruwan Amurka suka koma shekarar 2000, wato baya da shekara 12. Na'urorin da suka dogara da su kaɗai, suka kuma karɓi maganarsu ba bincike, sun bi su cikin kuskuren. A ranar 26 ga Janairu 2016 wasu taurarin GPS suka aiko da lokaci mai kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan. Mutum ba zai ji wannan ba, amma na'urorin sadarwa da na watsa shirye-shiryen rediyo a wasu ƙasashe sun rikice na tsawon awoyi.

Akwai darasi na uku da ya fi waɗannan muhimmanci. A Turai agoguna da yawa na cikin gida suna ƙirga bugun wutar lantarki ne, wadda ke bugawa sau 50 a sakan. A farkon 2018 saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa bugun wutar ya ɗan ragu, sai agoguna a ƙasashe fiye da 20 suka yi baya da kusan minti 6. Wanda ya duba agogon ɗakin girki da na ɗakin kwana ya ga sun yi daidai da juna, alhali duka biyun sun yi kuskure. Mutum goma da suka ji labari daga baki ɗaya, shaidarsu guda ce.

Masu tsaro da yawa a cikin na'ura ɗaya

Yanzu mun zo ga aikin ma'aikatan da ke kula da na'urorin banki, da kamfanin waya, da tashar rediyo, da manyan ofisoshi. Sau da yawa sukan kunna manhajar daidaita agogo fiye da ɗaya a cikin kwamfuta guda. Mu kira kowace ɗaya "mai tsaro". Ɗaya yana sauraron GPS ta eriyar da ke kan rufi. Na biyu yana tambaya ta intanet. Na uku yana tambayar babban ofishi ta layin cikin gida. A wuraren da ake buƙatar daidaito mai tsanani, kamar na'urorin eriyar waya, ana amfani da wani tsari mai suna PTP, wanda ya fito a 2002. A can kowace kafar da igiyar sadarwa ke shiga tana iya zama da nata ƙaramin agogo da nata mai tsaro.

Domin ku fahimci yadda ake lura da su, ku tuna da bankin hatsi na ƙauye, wanda wasu ke kira bankin cimaka. Kwamiti yana da mutane da yawa masu ƙirga buhu, kowa da littafinsa, amma mabuɗi a hannun mutum ɗaya yake. Ga dokokin da ake bi.

1. Hannu ɗaya ne ke taɓa agogo. In masu tsaro biyu suka sami ikon gyara agogo guda, wannan zai tura shi gaba, wancan ya ja shi baya, kowanne yana zaton dutsen kwas ne ya lalace. Sai agogo ya yi ta lilo. Don haka ake ba ɗaya ikon gyara, sauran su auna kawai su rubuta. Manhajar chrony, wadda ake yawan amfani da ita a kwamfutoci masu tsarin Linux, ana iya kunna ta ta yadda za ta auna ba tare da ta taɓa agogon na'ura ba.

2. Kowane mai tsaro da sunansa, da takardar umarninsa, da littafin rahotonsa, da ƙofar da ake tambayarsa ta nan. Wannan ƙofa adireshi ce a cikin na'ura. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manta da bambanta ƙofofin. Sai ma'aikaci ya yi tambaya sau uku, ya sami amsa mai daɗi sau uku, alhali mai tsaro na farko ne kaɗai ke amsa masa, sauran biyun sun daɗe da tsayawa.

3. Kowanne da tushensa. Idan duka ukun daga ƙarshe wurin kwamfuta ɗaya suke jin lokaci, ko duka ta igiya ɗaya suke bi, an koma labarin agogunan Turai.

4. Kada a haɗa amsoshinsu a raba. In ɗaya ya ce agogo yana gaba da sakan 3, ɗaya ya ce yana baya da sakan 3, wanda ya haɗa ya raba zai sami sifili, ya ce lafiya lau. Gaskiyar magana kuwa ita ce akwai tazarar sakan 6 tsakanin shaidu biyu, kuma aƙalla ɗayansu ya ɓata.

5. Shiru ma rahoto ne. Manhajar ntpd, in ta ga kuskuren agogo ya wuce sakan 1,000, wato kusan minti 17, takan ƙi gyarawa ta tsaya cak, tana jiran mutum ya zo ya duba. Agogo kuwa zai ci gaba da tafiya, fuskar kwamfuta ba za ta nuna komai ba. Wanda ke jiran ƙara kafin ya duba zai daɗe bai sani ba.

6. Mai dubawa kada ya dogara da agogon da yake dubawa. Lokaci zuwa lokaci a gwada na'urar daga wata na'ura daban mai nata tushe.

Tambayoyi biyar da ake yi wa kowane mai tsaro

Ko mutum ne ke dubawa, ko wata manhaja aka sa ta riƙa dubawa tana aiko da gargaɗi, tambayoyin ba sa sauyawa:

- Yana aiki, ko ya tsaya?
- Yaushe rabonsa da jin amsa daga tushensa? Tsarin NTP yana riƙe sakamakon tambayoyi 8 na ƙarshe. In duka takwas sun sami amsa, lambar 377 ce ke bayyana a rahoto.
- Tazara nawa ya gani tsakanin agogon na'ura da na tushe?
- Tazarar a natse take, ko tana tsalle sama da ƙasa?
- Daga wa yake ji, kuma a mataki na nawa?

Ga misali. Wata safiya ma'aikaciya ta buɗe rahotanni uku. Mai tsaron GPS ya ce tazara ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba, kuma ya ji amsa sakan 16 da suka wuce. Na intanet ya ce tazara kashi 12 cikin 1,000, ya ji amsa minti 5 da suka wuce. Na babban ofishi ya ce tazara sifili, amma rabonsa da jin amsa kwana 3. Wanne ne abin damuwa? Na uku ne, duk da cewa lambarsa ta fi kyau a ido. Tsohon labari yake maimaitawa. Da an duba tazara kaɗai, ko da an haɗa rahotannin wuri guda, da ba a gano shi ba.

A ƙasarmu, inda wuta ke ɗaukewa kuma layi ke yankewa, wannan bincike ya ƙara zama dole. Manhaja mai kyau tana koyon halin dutsen kwas na na'urarta, ta rubuta yawan saurinsa ko nawarsa, ta ci gaba da gyara da kanta in tushe ya ɓace. Amma wannan na ɗan lokaci ne. Kwanaki na tafiya, zafi na sauyawa, kuskure na taruwa. Saboda haka bayan kowace ɗaukewar wuta a tabbata duk masu tsaron sun tashi, a kira kowanne da sunansa.

Abin da za ku iya yi da kanku

1. A cikin saitin wayarku ku nemi wurin kwanan wata da lokaci, ku kunna zaɓin da ke sa waya ta karɓi lokaci da kanta. In ba ku gane wurin ba, ku nemi malamin ajinku ya nuna muku sau ɗaya, sannan ku maimaita da hannunku.
2. Ku tabbata waya tana kan lokacin Nijar. Wanda ya dawo daga aikin Hajji, ko daga Gana ko Burkina Faso, ya sake dubawa.
3. Ku gwada agogonku da tushe biyu da ba su haɗa hanya ba, misali wayar da ke kan layin wani kamfani daban, da kuma akwatin rediyo a farkon labarai. Rediyon da ake saurare ta intanet yakan makara da wasu sakanni, don haka akwatin rediyo ya fi dacewa da wannan gwaji.
4. In kun karɓi kuɗi ko kun aika, ku karanta rana da awa a jikin rasit ko saƙon waya kafin ku bar wurin. In sun saɓa da gaskiya, ku yi magana nan take, kada ku goge saƙon.
5. In kwamfutar ƙungiyarku tana farkawa da tsohon kwanan wata, a sauya ƙaramin batirin nan mai fasalin kwabo. Kuɗinsa kaɗan ne.
6. In an ba ku maganin da ake sha duk bayan awa 8, ku zaɓi agogo ɗaya da kuka gwada, ku bi shi har magani ya ƙare.
7. In kuna cikin kwamitin ɗakin shan magani ko na asusun ƙungiya, ku tambayi mai kula da na'ura: "Daga ina take samun lokaci, kuma yaushe aka duba ta?" Hakkinku ne ku tambaya.

Domin tattaunawa a aji

- Kowa ya rubuta lokacin da wayarsa ta nuna a kan allo. Minti nawa ne tsakanin mafi gaba da mafi baya?
- Kun aiki yaro ƙarfe 10:00, ya dawo 10:50. Ya ce ya isa 10:15 a agogon can, ya taso 10:25. Agogonku gaba yake ko baya, kuma da minti nawa?
- Mutum huɗu sun ba da labari iri ɗaya a kasuwa. Wace tambaya za ku yi musu kafin ku yarda?
- A ƙungiyarku, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma su wa ke ƙirgawa? Ana duba littafin kowa daban?

Ku kawo amsoshinku a zama na gaba, tare da wayoyinku da duk rasit ɗin da kuke da shi a gida, domin a karanta rana da awa tare.